BABI NA UKU: KWATANTA PEUGEOT 504 DA VOLKSWAGEN BEETLE A UNGUWANNIN MASANA'ANTUN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Bompai ta kafu tun zamanin Turawa, da yadda Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa a shekarun 1970. A wannan babi za a kwatanta motoci biyu da ma'aikatan waɗannan wurare suka fi hawa a wancan lokaci, wato Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, da Volkswagen Beetle, domin a gano dalilin da ya sa ɗaya ta fi ɗaya daɗewa a kan hanya.

3.1 Asalinsu

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ita kuwa Beetle 'yar Jamus ce da aka tsara tun shekarun 1930. A 1975 aka fara harhaɗa su a Nijeriya, Fijo a Kakuri ta Kaduna, Beetle kuma a Legas. Wannan ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, lokacin da ma'aikata da yawa suka sami halin mallakar mota a karon farko.

3.2 Ƙira da Ƙarfin Inji

Kowacce tana da silinda huɗu, amma tsarinsu ya sha bamban. Injin Fijo a gaba yake, ruwa ke sanyaya shi ta lagireto, girmansa cc 1,971 ne a samfurin da ya fi yaɗuwa, ƙarfinsa ya haura doki 90, gudunta kuma kan kai kimanin kilomita 160 a awa. Injin Beetle a baya yake, iska ke sanyaya shi, babbansa cc 1,584 ne mai ƙarfin doki 50, gudunta bai cika wuce kilomita 130 ba. Haka kuma Fijo ƙofa huɗu gare ta da but mai faɗi, alhali Beetle ƙofa biyu ce da ɗan wurin kaya a gaba.

3.3 Aiki a Kan Hanyoyin Kano

Beetle ta fi araha da sauƙin gyara, ba ta kuma buƙatar ruwa, saboda haka ta dace da akawu da ƙaramin ma'aikaci mai zirga-zirga tsakanin cikin birni da Bompai. Sai dai ƙurar hunturu kan takura wa injinta, idan kuma bel ɗin fanka ya tsinke, nan take injin ya ɗau zafi.

Ita kuwa Fijo ta yi fice wajen jure gargada, har ma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Bugu da ƙari ta zo iri uku: salun ta manajoji, wagon ta fasinja, da a-kori-kura ta ɗaukar kaya. Wannan ya amfani masana'antun fata da na tufafi da ke Sharaɗa da Challawa. Kusancin Kaduna da Kano ya sauƙaƙa samun kayan gyaranta, sannan gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da ita motar jami'anta.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa Beetle motar kai mutum wurin aiki ce, Fijo kuwa ita kanta abin neman abinci ce. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, masana'antu da dama suka rufe, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Beetle ta ɓace a hankali, amma Fijo ta koma tasha tana jigilar fasinja zuwa Kaduna da Katsina, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000.