Akori-kura: Tarihin Gyara da Sauyi a Hanyoyin Arewa da Sahara

Akori-kura ita ce ƙaramar motar kaya mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen baya. Sunan da Hausawa suka raɗa mata yana ɗauke da labarin zuwanta. Kura ita ce keken katakon da ƙarti ke turawa da kaya tsakanin kasuwa da tasha, motar kuwa ta zo ne ta karɓe mata aiki. Ba ta kore ta gaba ɗaya ba, domin har yau ana tura kura a manyan kasuwanni, amma ta gaji jaki da takarkari a hanyar ƙauye, daga baya kuma ta raba aiki da raƙumi a cikin Sahara. Duk wanda ya mallaki irin wannan mota, rana tana zuwa da zai zauna ya yi lissafi: ya sauke inji, ya ƙara sifirin, ya ci gaba da lallaɓa ta, ko kuwa ya sayar ya nemi wata. Amsar ta sha sauyawa tun daga shekarun 1950, kuma shekarun motar ba su cika zama abin da ke yanke hukunci ba. Darajar kuɗi, samuwar kayan gyara da iyakar sanin bakanike su ne suka fi yin tasiri.

Motar daji ta farko da ta yi suna a ƙasar Hausa ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. An yi jikinta da alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai hakan ya zama alheri, domin bodin ba ya tsatsa. Masu ita a lokacin galibi hukuma ce: jami'an mulki masu rangadi, En'e, malaman dabbobi, asibitocin mishan da kamfanonin sayen gyaɗa da auduga. Hukuma ba ta wahalar da kanta da dogon gyara. In mota ta cika shekarun aikinta sai a yi gwanjonta a kawo sabuwa. Wanda ya saya a gwanjo shi ne ya fara koyon yadda ake raya tsohuwar mota, ya kwance wannan ya ɗaura wa waccan. Daga garejin hukuma da na kamfanoni ne kuma kanikawan farko suka fito suka buɗe nasu wuraren a bakin titi.

Zamanin da akori-kura ta shiga hannun talaka shi ne zamanin Peugeot, wadda ake kira Fijo. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, a mulkin Janar Yakubu Gowon. Shekarar ta zo daidai da cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar ruwan Legas, saboda haka aka riƙa ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. An fara da samfurin 404, 504 ta biyo baya, gwamnati kuma ta mai da Peugeot motar ma'aikatanta. Sakamakon ya kai har ƙauye: mota iri ɗaya ta cika ƙasa, kayan gyaranta suka cika kasuwa, kowane yaron gareji ya tashi da sanin cikinta kamar tafin hannunsa. Akori-kurar Peugeot tayoyin baya kaɗai ke ja, ba ta da ƙarfin shiga rairayi mai zurfi, amma tana da tsayi daga ƙasa, tana jure burji da gargada, tana kuma ɗaukar lodin da ya ninka abin da maƙeranta suka rubuta. Ita ce ta kai buhunan hatsi, tumaki da 'yan kasuwa zuwa kasuwannin mako-mako.

A Nijar ma haka abin yake, ko da yake ta wata ƙofa motocin suka shigo. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa tuƙo tsofaffin Peugeot su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka zuwa Arlit da Agadez, su sayar da motar su koma gida ta jirgi. Motar da aka gaji da ita a Faransa sai ta fara sabuwar rayuwa a Tawa ko Damagaram.

A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuma ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi yana iya sauya mota in ta fara cin kuɗi. Wannan ya ƙare a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira. Cikin shekara guda dala ta kai wajen naira huɗu, ta kuma ci gaba da hawa. Sassan da ake shigowa da su Kaduna suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan masu saye, sauran masana'antun harhaɗa motoci irin su Steyr a Bauchi da ta manyan motocin Fiat a Kano suka shiga halin ni-'yasu. A Nijar da Chadi irin wannan bugun ya zo a Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi. Daga nan gyara ya zama dole. Faransa ta daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, kuma waɗanda ke kan hanya aka hana su mutuwa da ƙarfin walda.

A wannan zamani ne sana'ar gyara ta rarrabu gida-gida. Akwai mai inji, mai wayarin, mai walda, mai gyaran bodi, mai fenti, mai faci, da mai wanke lagireto, kowa da rumfarsa da yaransa. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta zama matattarar kayan mota sababbi da na kwance, Panteka a Kaduna ta shahara da ƙera abin da babu shi a kanti, Katako a Yamai ta yi irin wannan aiki. Daga Nnewi da Legas kayan gyara suka riƙa kwararowa arewa. Sai kuma wata hanya ta uku ta buɗe tsakanin gyara da sayen sabuwa, wato motar hannu daga Turai, wadda ake kira tokumbo ko 'yar Beljiyam. Yawancinsu a tashar ruwan Kwatano ake sauke su, a bi da su ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, sannan su tsallako iyaka. Tare da motocin aka riƙa shigo da injuna da giyabos na kwance. Wannan ya sauya lissafi ƙwarai: maimakon a sauke inji a sa sabon ringi da fistan, a kai karanshaf wurin yanka, sau da yawa ya fi arha a ɗauko injin tokumbo sukutum a ɗora.

Yayin da Peugeot ke riƙe da hanyoyin kudu, a cikin hamada Toyota ce ta karɓi ragama. An fara ƙera Hilux a Japan a 1968, samfurinta mai jan tayoyi huɗu ya fito a 1979, Land Cruiser jerin 70 kuma ta fito a 1984. Abin da ya ɗaga sunansu a duniya yaƙi ne. A farkon Janairun 1987 dakarun Chadi na gwamnatin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamandansu Hassan Djamous, suka afka wa sansanin sojin Libiya a Fada a kan akori-kurar Toyota ɗauke da makaman harbo tankoki da Faransa ta ba su. A watan Maris suka kama Wadi Doum, a Satumba suka kutsa har Maaten al-Sarra a cikin Libiya. Saurin motocin a kan rairayi ya rinjayi tankoki, har aka sa wa wannan babi suna Yaƙin Toyota. Tun daga lokacin sojoji, 'yan tawaye, 'yan fasa-ƙwauri da ƙungiyoyin agaji duk mota iri ɗaya suke nema, abin da ya sa tsohuwar Land Cruiser ba ta faɗuwa a kasuwa yadda sauran motoci ke faɗuwa. Injin dizal ɗinta mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, ba shi da kwamfuta, kuma bakanike na iya kwance shi a gindin bishiya.

Agadez ita ce wurin da tambayar gyara ko sauyi ta fi nauyi. Daga can zuwa Dirkou tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita a cikin hamadar Tenere, hanyar da ayarin raƙuma na gishiri ke bi zuwa Fachi da Bilma tun ƙarnoni. Direban Sahara ba ya fita da mota yadda kamfani ya ƙera ta. Yana ƙara ganyen sifirin, ya ɗaura jarkokin mai da na ruwa, ya ɗauki taya biyu ko fiye na ko-ta-kwana, ya rage iskar taya in ya shiga rairayi mai laushi. A shekarun da jigilar masu zuwa Libiya ta bunƙasa, ayari kan tashi ranar Litinin da rakiyar soja, Hilux ɗaya ɗauke da mutum sama da ashirin, kowa riƙe da sandar da aka kafa a gefen bodi. Irin waɗannan direbobi sun fi kowa saurin rabuwa da mota, kuma suna da hujja. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Motar da za ta mutu a hanyar kasuwar Dawanau asarar yini ɗaya ce. A Tenere asarar rayuka ce. Dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015 ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci da yawa, wasu kuma suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, inda lafiyar mota ta ƙara zama abin dogaro. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023.

Daga wannan doguwar gogayya kanikawa suka fitar da ma'aunin da har yanzu ake aiki da shi. Abin da ake fara dubawa shi ne shasi, wato ƙashin bayan motar. Akori-kura ta bambanta da ƙaramar mota domin bodinta a ɗore yake bisa firam na ƙarfe, don haka inji, giyabos, kuloci, birki, shokozoba, har da bodin kansa, duk ana iya cirewa a sa wasu. Muddin shasi a miƙe yake, bai tsage ba, tsatsa ba ta ci shi ba, motar tana da sauran kwana. In ya karye aka yi masa walda, ko ya lanƙwashe a haɗari, to motar za ta riƙa cin taya, ta riƙa ja gefe guda, kuma wurin waldar na iya sake buɗewa ƙarƙashin lodi. Busasshiyar iskar arewa ta taimaka a nan, domin tsatsa ba ta cin mota a Kano ko Agadez yadda take ci a bakin teku. Motocin tokumbo daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara kuwa sukan iso da ruɓaɓɓen ƙasa a ƙarƙashin fenti mai sheƙi, shi ya sa gogaggen mai saye yake kwanciya ƙarƙashin mota kafin ya buɗe bonet. Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wanda ya kamata a faɗe shi a fili: ƙarin sifirin yana hana mota durƙushewa, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya kuma ƙara wa shasi ƙwari. Yawancin akori-kurar da ake gani sun karye a tsakiya, da waɗanda birki ya ƙwace musu a gangara, lodin da ya wuce kima ne ya kai su.

Motocin da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000 sun zo da wani sabon sharaɗi. Kwamfuta ce ke sarrafa mai da wuta a injinsu, sababbin injunan dizal kuma ba sa jure gurɓataccen mai irin wanda ake sayarwa a jarka. Da farko kanikawa da yawa sukan cire na'urar fesa mai su mayar da motar kan kafireto, dabarar da ke tayar da mota amma ta ƙara mata shan mai. Daga baya matasan kanikawa suka koyi aiki da na'urar gano matsala, sai dai irin wannan gyara a birni yake, ba a samunsa a ƙauye. A Najeriya, inda tallafi ya daɗe yana sa fetur ya fi dizal arha, Hilux mai injin fetur na lita 2.7 ce ta fi yawa a hannun 'yan sanda, ma'aikatu da 'yan siyasa, kuma daga hannunsu take gangarowa zuwa ga manomi da ɗan kasuwa, kamar yadda Land Rover ta yi a da.

Shekarun baya-bayan nan sun sake karkata ma'auni zuwa ga gyara. Daga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin tokumbo ya ninka, na injin kwance ma ya bi sahu, wasu masu motocin haya suka fara sa tukunyar iskar gas don rage kuɗin mai. A irin wannan yanayi, mai akori-kurar da shasinta ke da lafiya, kayan gyaranta na kasuwa, aikinta kuma bai wuce inda ake samun gari da bakanike ba, gyara ya fi masa riba. Mai ratsa hamada da rayukan mutane a bayan mota, da wanda shasinsa ya riga ya sha walda, sauyi ya wajaba a kansu ko da kuɗin ya yi ciwo.