Yadda Za Mu Koya wa Yara Kimiyya da Tarihin Sararin Samaniya

Yaro yakan ji a makarantar Lahadi cewa Allah ya halicci sama da ƙasa, ranar Litinin kuma malamin kimiyya ya gaya masa duniya ta yi shekaru biliyoyi. Idan ya kawo tambaya gida muka tsawata masa, zai ɗauka bangaskiya tana tsoron tambaya. Daga nan ne wasu matasa sukan fara ja da baya daga ikkilisiya.

Abin da masana kimiyya suka gano

Bisa ga awon masana, sararin samaniya ya yi kimanin shekaru biliyan 13.8, duniyarmu kuma kimanin biliyan 4.5. Tsakaninmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne, haskenta yakan ɗauki wajen minti 8 kafin ya iso. A 1927 Georges Lemaître, fada na ɗarikar Katolika daga Beljiyam, ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. A 1929 Edwin Hubble na Amurka ya ga shaidar haka: tarin taurari masu nisa suna ta ƙara nisa da mu. Wannan ya kai masana ga cewa sararin samaniya yana da mafari.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Farawa 1 da Kolosiyawa 1:16 sun nuna Wanda ya yi halitta da dalilin yinta. Kimiyya tana binciken yadda halittar take aiki. Masu bi sun bambanta a kan kwanaki shida na Farawa: wasu sun ɗauke su kwanaki na awa 24, wasu kuma dogayen zamanai. Dukansu sun yarda Allah ne Mahalicci, kuma ba da gangan halitta ta samu ba sai da nufinsa. Kada wannan bambanci ya raba 'yan'uwa.

Shawara ga iyaye da malaman makarantar Lahadi

1. Ku fita da yara waje da dare, ku nuna masu Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da aka ambata a Ayuba 38:31 da Amos 5:8. Sa'an nan ku karanta Zabura 19 tare.

2. Ku gwada masu husufin wata da tocila, lemo da ƙwallo, su ga yadda inuwar duniya take rufe wata. Tsoro zai fita daga zuciyarsu.

3. Kada ku ce malaminsu maƙaryaci ne. Ku tambaye su abin da aka koya masu, ku saurara har ƙarshe.

4. Idan tambaya ta fi ƙarfinku, ku ce, “Zo mu bincika tare,” ko ku kai ta wurin fasto.

Yaron da aka amsa masa da haƙuri zai girma yana karatun kimiyya da ƙwazo, yana kuma yi wa Mahaliccinsa sujada.