Laifin Waya ko Shirun Hukuma? Nazari Daga Dutse Uku

Ranar Lahadi 17 ga Janairun 2010, wani magidanci ya tara ma'aikata a Dutse Uku, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, domin ya sake gina gidansa da aka lalata a rikicin Nuwamban 2008. Kafin rana ta faɗi unguwar ta kama da wuta. Har yau labari biyu ake bayarwa kan yadda abin ya fara. Musulmin yankin sun ce matasa ne suka zo suka hana aikin, suka fara jifa. Kiristoci kuwa sun ce taron masu ginin ya wuce misali, sun tare hanya, kuma an far wa masu ibada a cocin St. Michael da ke Nasarawa Gwom. Abin da babu gardama a kansa shi ne inda wutar ta kai. Cikin kwana biyu ta isa Bukur da Kuru Karama, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe Musulmi aƙalla 150, an jefa gawarwakin wasu a rijiyoyi. 'Yan sanda sun ce mutum 326 ne suka mutu a rikicin na Janairu. Ranar 7 ga Maris aka kai harin dare a Dogo Nahawa da ƙauyukan kusa, aka kashe Kiristoci 'yan ƙabilar Birom masu yawa, galibinsu mata da yara.

Tun ƙura ba ta lafa ba aka samo wanda za a ɗora wa laifi, wato wayar salula. Shehu Sani, wanda a lokacin yake jagorantar ƙungiyar Civil Rights Congress, ya ce sun tattara saƙonnin tes fiye da 100 masu tunzura jama'a da suka yi ta yawo a garin. Daga ciki akwai mai gargaɗin Kiristoci kada su sayi abinci a hannun Musulmi, wai an sa guba. Daga nan ne wani ra'ayi ya samu gindin zama a bakin jami'an gwamnati da malaman addini, har da masu zaman teburin mai shayi, cewa waya ce ta lalata Jos, in da za a iya ɗaure bakinta da an zauna lafiya. Ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Waya ta yi ɓarna, kuma zan zo kan wannan. Amma ƙarfin da ƙarya ta samu a cikinta ya fito ne daga abubuwa biyu da ke hannun hukuma: an bar unguwanni sun rabu har maƙwabci ya daina zama shaidar maƙwabcinsa, sannan bakin gwamnati ya zube a idon kowane ɓangare.

Hujja ta farko tarihi ne. A watan Agustan 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, lokacin da layi kaɗai yakan kai naira 20,000, talaka sai dai ya hango shi a hannun masu hali. Wata guda bayan haka, ranar Juma'a 7 ga Satumba, rikici ya ɓarke a Kongo Rasha, nan cikin Jos ta Arewa, bayan wata mata ta nemi wucewa ta hanyar da aka tare domin sallah. Cikin mako guda an kashe mutum kusan 1,000. Babu tes, babu Facebook, babu WhatsApp. Takardun da ake watsawa a titi da lasifika da "an ce, ka ce" sun isa. Kafin nan ma an yi na 12 ga Afrilun 1994, kan naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa, ƙaramar hukumar da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro a 1991. Na 2001 ma ya biyo bayan taƙaddama kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci, na 2008 kuma zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ne ya haife shi. Tambaya ɗaya ce ke dawowa: wa ke da Jos, Birom da Anaguta da Afizere da ake kira 'yan ƙasa, ko har da Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka zauna tun zamanin haƙar kuza? Wannan tambayar ta girmi waya nesa ba kusa ba.

Abin da ya canja tsakanin 2001 da 2010 shi ne taswirar zaman gari. Bayan kowane rikici, wanda ya ga addininsa ba shi da rinjaye a unguwa yakan sayar da gida a wulaƙance, ko ya yi musaya da wani, ko ya bar kango ya tafi. Unguwar Rogo da Gangare suka zama na Musulmi kusan zalla, Unguwar Rukuba da Jenta Adamu suka zama na Kiristoci. Dutse Uku ta faɗo a kan iyaka, kuma zaman kan iyaka ya fi kowane zama wuya. Wanda ya bi ta irin waɗannan layuka zai ga bango tsaye babu rufi, ciyawa ta fito a inda dā falo yake, maƙwabta sun mai da tsakar gidan wurin zuba shara ko shanya. Kowane kango a nan yana nufin an rasa mutum guda da zai iya cewa, "Ƙarya ne, yanzu na fito daga can." Dā in aka ce an sa guba a tsire, matar da ta shekara goma tana saye a hannun mahauci ɗaya za ta yi tsaki ta wuce. Bayan ta ƙaura, ko shi ya ƙaura, ba ta da abin auna labarin sai wani saƙon.

Nan ne hukuma ta fara gazawa, tun kafin a taɓa madannin waya. Wata 14 ke nan tsakanin Nuwamban 2008 da Janairun 2010. A tsawon wannan lokaci batun komawar waɗanda aka raba da muhallansu ya zauna babu tsayayyen tsari: wa zai koma, wa zai tsare shi, wa zai zaunar da maƙwabta kafin a sauke yashi da siminti. Aikin da ya kamata a ce na mai unguwa da ƙaramar hukuma da 'yan sanda ne, sai aka bar shi tsakanin mai gida da matasan layi.

Gazawa ta biyu ta fi ta farko illa, domin ita ce ta zubar da darajar maganar gwamnati. An kafa kwamitin bincike na Mai shari'a Fiberesima bayan 1994, na Mai shari'a Niki Tobi bayan 2001, kuma rahotanninsu sun shekara da shekaru a durowa. Bayan 2008 abin ya zama abin kunya: gwamnatin jihar Filato ta Jonah Jang ta kafa kwamitin Bola Ajibola, gwamnatin tarayya ta kafa na Janar Emmanuel Abisoye, jihar ta garzaya kotu tana ƙalubalantar ikon tarayya, Hausawa kuma suka ƙaurace wa kwamitin jihar. Kowane ɓangare ya samu gwamnatinsa da kwamitinsa da gaskiyarsa. A farkon rikicin 2010 kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ɗora laifi kan matasan Musulmi tun kafin a yi bincike, ba a daɗe ba aka sauya masa wurin aiki. Musulmi suka ɗauki furucinsa shaidar cewa hukuma ta zaɓi ɓangare, Kiristoci suka ɗauki sauyinsa shaidar cewa an hukunta shi don ya faɗi gaskiya. A can sama kuma, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yana jinya a Jidda tun 23 ga Nuwamban 2009, Goodluck Jonathan bai zama muƙaddashi ba sai 9 ga Fabrairu. Ƙasar gaba ɗaya da jita-jita take kwana take tashi kan ko shugabanta na da rai. Da wane baki gwamnati za ta ce wa mutumin Dutse Uku ya bar sauraron raɗe-raɗi, ya jira sanarwa?

Mai ja da ni zai ce na yi wa waya sassauci, kuma yana da abin kafa hujja. Ƙaryar baki tana tafiya da ƙafa, ta waya kuwa tana isa unguwa goma kafin mai ƙaryatawa ya sa takalmi. Hoto ya fi tes muni. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi, an yaɗa a Facebook hoton wani jariri da aka sassara, aka ce Fulani ne suka yi a Gashish da ke yankin. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamban shekarar ya nuna hoton tsoho ne, daga Kongo Brazabil ya fito. 'Yan sandan Filato sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen tunzura matasan da suka tare hanya suka kashe matafiya. Binciken ya kuma gano cewa masu tantance labarai na cikakken lokaci da abokan hulɗar Facebook suka ware wa Nijeriya mutum 4 ne kacal, ga masu amfani da shafin miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Wannan sakaci ne na kamfani mai kwasar riba, ba ni da abin kare shi. Sai dai a lura, hoton ƙarya ya samu karɓuwa ne domin kisan gaske yana faruwa, kuma mutane sun saba ganin an yi kisa babu wanda aka hukunta. Rahoton Human Rights Watch na 2013 kan Filato da Kaduna ya nuna yawancin waɗanda shaidu suka ambaci sunayensu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne Dadin Kowa, a kudancin birnin. Unguwa ce ta Musulmi da Kirista, mazaunanta suna da wayoyi kamar kowa, saƙonnin da suka shiga sauran unguwanni sun shiga nan ma, amma ba a yi kashe-kashe a cikinta ba. Jana Krause, wadda ta yi bincike a Jos ta kuma fitar da littafi a 2018, ta danganta hakan da dattawan ɓangarorin biyu da suka ɗaure matasansu da yarjejeniya, da matan unguwa da suka matsa wa shugabanni lamba, da sintirin haɗin gwiwa. Saƙo iri ɗaya, na'ura iri ɗaya, sakamako daban. Bambancin shi ne a Dadin Kowa akwai wanda za a kira a ɗaya ɓangaren a tambaya, kuma a yarda da amsarsa.

Duk da haka, kusan duk maganin da gwamnatoci suka kawo a kan na'urar ya tsaya. Hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka a 2011. Dokar laifukan intanet ta zo a 2015, kuma sashe na 24 nata ya fi yin suna wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mutane suka yi ta sammako suna bin layi. A Yunin 2021 aka rufe Twitter har zuwa Janairun 2022, a Satumban 2021 kuma aka katse sabis a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, 'yan bindiga ba su ƙare ba. Abin ban takaici a nan shi ne, gwamnatin da ta ɗauki hoton fuskar mutum da zanen yatsunsa goma, ta san lambarsa da ta asusunsa, har yanzu ba ta iya gaya masa ko shi ɗan Jos ne ba. Wannan amsar tana cikin wata takarda daban, takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa ko ta hana, kuma da ita ake neman gurbin karatu da aikin gwamnati da shiga soja. Tsarin mulkin 1999 ya yi maganar ɗan asalin jiha ba tare da ya warware yadda mutum ke zama ɗan asali ba. NIN ba ta taɓa wannan ƙulli ba ko kaɗan.

Masu kiran a riƙa katse sabis a Jos duk lokacin da hankali ya tashi, ina jin ba su lura da aikin da waya ke yi da asuba a unguwannin kan iyaka ba. Kafin mai Keke Napep ya fito da kekensa yakan kira abokin sana'arsa na wancan ɓangaren: "Yaya wajenku, gari lafiya? Tina Junction a buɗe take?" Mai kayan miya takan kira dillalinta na Farin Gada kafin ta ɗauki buhu. Uwa takan ce wa ɗanta da ke makaranta, "Kada ka biyo ta sama, zagayo ta titi." A Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba da dokar hana fita ta awa 24 da Gwamna Simon Lalong ya sa a Jos ta Arewa, da waya mutane suka san inda 'yan'uwansu suka maƙale, da ita aka tura wa ɗalibai kuɗin mota. In an katse ta, mai yaɗa ƙarya zai koma ga baki kamar a 2001, mai neman tabbaci ne kawai zai rasa hanya.

Lalong ya kafa hukumar gina zaman lafiya ta jihar a 2016, kuma zaman tattaunawa tsakanin al'ummomin Jos ya yi amfani gwargwado. Amma a Mayun 2019 an sake ƙona gidaje a Dutse Uku da kewaye bayan an tsinci gawar wani matashi, alamar cewa ƙasan tokar da sauran garwashi. Akwai kuma wani gefen da ba a cika kawowa ba idan ana kukan yadda matasan Jos ke zage-zagen siyasa a Facebook da zaurukan WhatsApp. Bayan zaɓen Nuwamban 2008, an shafe fiye da shekara 10 ba a sake ba mutanen Jos ta Arewa damar zaɓen shugaban ƙaramar hukumarsu ba. Ana yi a yawancin ƙananan hukumomin jihar, a tsallake su da sunan tsaro, a naɗa musu kantoma daga gidan gwamnati. Yaron da yake firamare lokacin rikicin Dutse Uku na 2010 ya girma, ya yi rajistar layi, ya buɗe shafi, ya yi ta faɗin ra'ayinsa kan kansila da gwamna da shugaban ƙasa, alhali ko sau ɗaya ba a tambaye shi wanda yake so ya riƙe sakatariyar da ke sa hannu a takardar asalinsa ba, sai a zaɓen Oktoban 2021.