Me ya sa tsofaffin wasannin kwamfuta ke cijewa, kuma yaya ake gyara su?

A ranar 6 ga watan Satumban 2025, masu amfani da intanet a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun yi ta kokawa kan jan ƙafar da layukan Etisalat da Du ke yi. Daga baya ta bayyana cewa wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ne suka samu matsala a Bahar Maliya, kusa da Jiddah. Kamfanin Microsoft ma ya sanar da cewa saƙonnin da ke ratsa Gabas ta Tsakiya za su iya yin jinkiri.

Masu buga wasannin kwamfuta ta intanet na cikin waɗanda ke fara jin irin wannan a jika, domin jinkirin da mai karanta saƙo ba zai lura da shi ba ya isa ya sa ɗan wasa ya sha kaye.

Sai dai ba kullum laifin intanet ba ne. Tsofaffin wasanni irin su Counter-Strike 1.6 na 2003 da Age of Empires II na 1999, waɗanda har yau suke da masoya, kan cije ko a sabuwar kwamfuta mai tsada. Da yawa kan yi gaggawar sayen sabuwar na'ura ko ƙarin data, alhali ciwon yana wani wuri daban.

Daga kwamfuta ne ko daga intanet?

Cijewa iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ta farko daga kwamfutar take. Motsin da ake gani a wasa jerin hotuna ne da ake saki bi da bi. Idan ana sakin 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto na da kusan milisakan 17, wato kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Da zarar hoto ɗaya ya makara, ido zai ga wasan ya ɗan tsaya sannan ya zabura.

Ta biyu daga layin sadarwa take. A nan hoto na tafiya sumul, amma abokan wasa su ɓace a nan su ɓulla a can, ko mutum ya yi gaba a fizgo shi baya.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: a buga wasan ba tare da intanet ba, mutum da kwamfuta kawai. Idan ya cije, matsalar tana cikin na'urar. Idan ya tafi lafiya, sai a koma kan layi. A Counter-Strike 1.6, umarnin net_graph na nuna yawan hotuna da jinkirin saƙo a lokaci guda.

Me ya haɗa tsohon wasa da sabuwar kwamfuta faɗa?

An rubuta waɗannan wasanni ne a zamanin da ƙwaƙwalwar kwamfutar gida take da sashen aiki guda ɗaya. Daga 2005 aka fara yayin masu sashe biyu, yau kuma ana samun takwas ko fiye. Wasu tsofaffin wasanni kan rikice wajen lissafin lokaci idan ana tsallaka da su daga wannan sashe zuwa wancan. A Task Manager na Windows ana iya tsare wasan a sashe ɗaya, kuma sau da yawa hakan ya wadatar.

Gudu fiye da kima ma matsala ne. A wasu wasannin, motsin 'yan wasa a ɗaure yake da yawan hotuna. Masu buga Quake III Arena na 1999 sun daɗe da gano cewa tsalle ya fi nisa idan wasan na sakin hotuna 125 a daƙiƙa. Sabuwar kwamfuta kuwa za ta iya sakin ɗaruruwa, sai komai ya birkice. Maganin shi ne a ƙayyade adadin, misali 60 ko 100.

Akwai wasu wuraren dubawa. Laftof da yawa na da katin hoto biyu, ƙarami mai tattalin batir da babba mai ƙarfi, kuma tsohon wasa kan faɗa hannun ƙaramin sai an umarci Windows ta sauya. Linzamin kwamfuta na zamani da ke aika saƙo sau 1,000 a daƙiƙa kan sa wasu wasannin rawa duk lokacin da aka motsa shi, sai an rage zuwa 125 ko 250. Wasannin da suka dogara da DirectPlay kuma suna buƙatar a kunna shi da hannu a Windows 10 da 11.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

Idan wasa ya fara lafiya, bayan 'yan mintuna ya soma cijewa, zafi ne abin zargi na farko. Kwamfuta kan rage wa kanta gudu idan ta ɗau zafi, don kada ta ƙone.

A Dubai zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, haka ma a Sakkwato da Maraɗi a watan Afrilu. Ƙurar hunturu kuma na toshe fankar laftof da ƙofofin iskarta. Ɗora ta a kan katifa ko darduma na ƙara dagula lamarin. Share fanka da sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta aiki ne da masu gyara ke yi da kuɗi kaɗan.

Haka kuma yawancin laftof na rage ƙarfi da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir. Wanda wasansa ke lalacewa daidai lokacin da wuta ta tafi, ya duba tsarin batirinsa kafin ya zargi kamfanin sadarwa.

Nisa ba ya jin magani

A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ke Ras Al Khor, unguwar masana'antu da babbar kasuwar motoci a Dubai, yana wasa da ƙaninsa a Kano. Tsakaninsu akwai fiye da kilomita 5,000 a miƙe, amma saƙonsu ba a miƙe yake tafiya ba. Sau da yawa sai ya gangara Legas, ya bi teku zuwa Turai, sannan ya karkato Gabas ta Tsakiya.

Haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi. Wayar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tun 2010 tana da tsawon kimanin kilomita 7,000. Ke nan zuwa da dawowa a kanta kaɗai na cin milisakan 70, kafin a lissafa hanyar Kano zuwa Legas. Babu kuɗin datar da zai goge wannan lissafi.

Shi ya sa wurin da saba take, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, yake da muhimmanci. Kamfanin Valve na da sabobi a Dubai domin Dota 2 da Counter-Strike 2, don haka mazaunin Ras Al Khor na kusa da su. Shi kuwa na Kano, sabar Turai kan fi masa. Idan za su haɗu, adalci shi ne su zaɓi wadda jinkirinta bai yi wa ɗayansu yawa ba.

Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗana irin abin da ya faru a Bahar Maliya. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024, wayoyin WACS da ACE da SAT-3 da MainOne sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama har da Najeriya. A irin wannan rana, gyaran kwamfuta ɓata lokaci ne.

Abin da ke hannun ɗan wasa shi ne cikin gidansa. Waya daga rauta zuwa kwamfuta ta fi Wi-Fi tabbas. A dakatar da sabunta manhajoji, a kuma lura da masu kallon bidiyo a layin. Wasa ba ya cin data da yawa. Abin da yake buƙata shi ne saƙo ya riƙa isa a kan kari, domin jinkirin da ke hawa da sauka ya fi wanda ya tsaya wuri ɗaya ɓarna.

Idan mutum ɗaya ya ja wa kowa

Age of Empires na da nasa tsarin. A wani bayani da suka gabatar a 2001, injiniyoyin wasan Paul Bettner da Mark Terrano sun nuna cewa kowace kwamfuta na gudanar da wasan gaba ɗaya, umarnin 'yan wasa kawai ake musaya. Hakan ya ba mutum takwas damar yin wasa a kan layukan tarho na wancan zamani. Illarsa ita ce dole kowa ya jira mafi rauni. Kamar ayarin fatake ne, tafiyar jakin baya ita ce tafiyar kowa. Idan wasan ya cije wa dukkan 'yan wasa lokaci guda, sai a nemo mai raunin na'ura ko layi, ko a rage yawan dakarun da aka yarda kowa ya tara.

Hattara wajen neman magani

A 2014 aka rufe GameSpy, dandalin da ke haɗa masu buga wasanni da dama, ciki har da Battlefield 2. Tun daga nan masoya ne ke riƙe da sabobin tsofaffin wasanni da yawa, kuma ba dukkansu ne amintattu ba. A 2019 kamfanin tsaron intanet na Dr.Web ya ce kashi 39 cikin 100 na sabobin Counter-Strike 1.6 da ya gani a lokacin an kafa su ne don yaɗa muguwar manhajar Belonard.

Don haka duk manhajar da aka ce tana kawar da cijewa nan take abar tuhuma ce, musamman a kwamfutar da ake harkar banki ko kasuwanci da ita. Hanyar da ta fi aminci ita ce a samo wasa daga inda aka san asalinsa, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamakon, sannan a matsa zuwa na gaba.