Lambun Ma'aikaci a Bakin Birnin Liyon

Idan aka ambaci lambu a ƙasar Hausa, aikin rani ne ya kan faɗo wa mutum a rai: an gama kaka, an gangara fadama, ana ban ruwa da jigo. To, a Faransa abin a juye yake. Can ba fari ne ke tsayar da shuka ba, sanyi ne. Mai lambu ya kan fara tonon ƙasa a watan Maris, ya shuka karas da latas da dankalin Turawa, amma ba ya kuskura ya dasa tumatir a fili sai tsakiyar Mayu ta wuce. Manoman ƙasar sun daɗe suna tsoron ranakun 11 da 12 da 13 ga Mayu, waɗanda suke kira kwanakin waliyyan ƙanƙara, domin a ganinsu a nan ne jaura ta kan yi juyowar ƙarshe ta ƙone tsiro. Na farkon waliyyan nan, Mamert, bishop ne na garin Vienne, kudu kaɗan da birnin Liyon.

Arewa maso gabas da Liyon ɗin, a kan tudun da ke kallon Kogin Rhône, akwai wani gari mai suna Rillieux-la-Pape. Wanda ya san shi a yau zai fi tuna dogayen benayensa. Amma har bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙauyuka biyu ne a wurin, Rillieux da Crépieux-la-Pape, kewaye da gonakin hatsi da na kayan lambu da ake kai wa kasuwannin Liyon. Daga farkon shekarun 1960 gwamnati ta shiga gina sabon gari a kan gonakin, domin ma'aikatan masana'antu da kuma waɗanda suka dawo daga Aljeriya bayan 1962. A 1972 aka haɗe ƙauyukan biyu suka zama gari ɗaya, mai mutane wajen 30,000. Ɗaya daga cikin sababbin unguwannin an raɗa mata suna Les Semailles, watau lokacin shuka, alhali kuwa siminti aka shuka mata.

Ba a Rillieux aka fara wannan ba. A ƙarni na 19 birnin Paris yana da masu lambu da suka yi suna a Turai duka. Takinsu kashin dawakin da ke jan kekunan birnin ne. Su kan shimfiɗa shi da kauri, ɗuminsa ya riƙe ƙasa, su kife tsiro da murfin gilashi, har su girbi fili ɗaya sau da yawa a shekara. Da jirgin ƙasa ya fara kawo kayan miya daga kudu, mota kuma ta kori doki, gine-gine suka cinye filin, sai sana'ar ta yi ta ja da baya.

Amma a daidai lokacin nan ne wani irin lambu dabam ya ɓullo, wanda ba don kasuwa ake yinsa ba, sai don tukunyar gida. A garin Sedan wata mata, Félicie Hervieu, ta ga cewa ba wa matalauci fili ya noma ya fi ba shi sadaka. A 1894 wani limamin Kirista, Félix Volpette, ya bi sawunta a Saint-Étienne, garin masu haƙar kwal da ke maƙwabtaka da Liyon. Sa'an nan a 1896 Jules Lemire, limami kuma wakilin Hazebrouck a majalisar dokoki, ya kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya domin samar wa kowane ma'aikaci ɗan yankin ƙasa. Manufarsa a fili take: mutum ya tashi daga aiki ya nufi lambu da iyalinsa, maimakon ya nufi gidan giya. Masu masana'antu da yawa sun yi na'am da shirin, kuma ba tausayi kaɗai ya ja su ba, gama wanda ke da kabeji a ƙasar kamfani ya kan yi tunani sau biyu kafin ya shiga yajin aiki. Duk da haka, kabejin dai ya shiga tukunya.

Yunwa ce ta nuna darajar abin sosai. A zamanin da Jamus ta mamaye Faransa, daga 1940 zuwa 1944, abinci sai da kati, wanda ke da ɗan fili kuwa ya fi maƙwabcinsa kwanciyar hankali. A ƙarshen yaƙin an ƙiyasta irin waɗannan lambuna sun kai 250,000. A 1952 doka ta sāke masu suna, daga lambunan ma'aikata zuwa lambunan iyali. Ba da jimawa ba kuma guguwar gine-gine ta share da yawa daga cikinsu, guguwar nan da ta haifi sabon Rillieux.

Mutanen da aka zuba cikin benayen, da yawansu 'ya'yan manoma ne, daga ƙauyukan Faransa, da Portugal, da Arewacin Afirka, daga baya kuma da Afirka ta Yamma. Hannun da ya saba da ƙasa ba ya son zama haka nan. A gefen irin waɗannan unguwanni sai hukumomin gari suka koma yanka filaye ƙanana suna ba da haya a kan kuɗi kaɗan, kowane da 'yar rumfar ajiye kayan aiki da gangar tara ruwan sama. Daga abin da aka shuka a kan gane asalin mai fili: wannan na'a-na'a da barkono, wancan dogon kabeji.

Furanni kuwa ba baƙi ba ne a nan. A Liyon ne Jean-Baptiste Guillot ya fitar da furen wardi mai suna La France a 1867, wanda masana ke ɗauka a matsayin mafarin wardin zamani, Joseph Pernet-Ducher kuma ya fitar da Soleil d'Or a 1900, ya shigo da launin rawaya cikinsu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga wardi a bakin kunyar wake.

Aikin yau da kullum bai sāke sosai ba: cire ciyawa, ɗaure tumatir a jikin sanda, ban ruwa da yamma. Abu biyu ne suka sauya. Tun 1 ga Janairu, 2019, doka ta hana mai lambun gida amfani da magungunan feshi na sinadari, sai ya tsince dodon-koɗi da hannu. Zafin bazara kuma ya ƙaru, har a shekarun fari kamar 2022 hukuma ta taƙaita ban ruwa, alhali a ƙasan tudun nan, a Crépieux-Charmy, ake jawo yawancin ruwan da Liyon ke sha. Cikin kaka, kafin sanyi ya rufe aiki, a kan ɗaure wani ganye mai kauri da ake kira kardon, a rufe shi daga haske don ya yi fari, ɗacinsa ya ragu. Irin na Vaulx-en-Velin, a hayin kogi, shi mutanen Liyon ke gasawa da ɓargo a bikin Kirsimeti.