Dukiya, Asali da Matsayi a Tarihin Hartum da Umdurman

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sukan kafa misali da littafin The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda aka buga a Amurka a 1925, idan ana maganar jigon dukiya da matsayi. Tauraron littafin ya tara kuɗi, ya mallaki katafaren gida, amma masu tsohon arziki da ke ɗaya gaɓar ruwa ba su taɓa ɗaukarsa a matsayin nasu ba. Tambayar ko kuɗi kaɗai na iya sayen daraja ta daɗe tana tasowa a Hartum da Umdurman, birane biyu na ƙasar Sudan waɗanda Kogin Nilu ya raba.

2.0 Birane Biyu

Hartum ta bunƙasa ne a zamanin mulkin Turkawa da Misrawa, bayan sun ci Sudan da yaƙi a 1821. A Janairun 1885 mayaƙan Mahdi Muhammad Ahmad suka kame ta, sannan magajinsa Halifa Abdullahi ya yi mulki daga Umdurman. Bayan yaƙin Karari na 1898, Turawan Ingila suka sake gina Hartum ta zama cibiyar gwamnati. Sun kasa filayen zama aji uku: na ɗaya, na biyu da na uku, gwargwadon girman fili da irin kayan ginin da aka yarda a yi amfani da su. Ta haka unguwar mutum ta zama shaidar matsayinsa. Ita kuwa Umdurman ta ci gaba da zama garin 'yan ƙasa, mai gidajen ƙasa da babbar kasuwa da tsofaffin zuriyoyi.

3.0 Hanyoyin Samun Daraja

Hanya ta farko ita ce dukiya haɗe da gadon addini. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahdi, ya taso cikin ƙunci bayan faɗuwar daular mahaifinsa, amma noman auduga a tsibirin Aba ya mai da shi ɗaya daga cikin manyan attajiran Sudan. Hanya ta biyu ita ce ilmin boko. Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a Hartum a 1902, ta yaye ƙananan ma'aikatan gwamnati da ake kira effendiyya, kuma su ne suka kafa Babban Taron 'Yan Boko a 1938.

Sai dai asali ya fi waɗannan biyun nauyi. A 1924 wani tsohon hafsan soja, Ali Abdullaɗif, ya jagoranci ƙungiyar Farar Tuta wadda ta yi adawa da mulkin Ingila. Yana da ilmi, ya taɓa riƙe muƙami, amma saboda iyayensa sun fito daga zuriyar bayi, jaridar Hadarat al-Sudan, wadda manyan gari ke marawa baya, ta nuna cewa ba shi da nasabar da zai yi magana da yawun al'umma.

4.0 Matsayin Hausawa

Wannan ma'auni ya shafi Hausawa da Fulani, waɗanda ake kira Fallata ko Takari. Da yawansu mahajjata ne da suka yada zango a kan hanyar Makka. Wasu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka buɗe gandun auduga na Jazira a 1925, guminsu ya taimaka ƙwarai wajen raya shi, amma akasarinsu 'yan ƙwadago ne, ba masu gona ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa kakanninsa suna Sudan tun kafin 1898. Saboda haka an sami waɗanda aka haifa a can, suka yi arziki a kasuwa, amma ana yi musu kallon baƙi.

5.0 Jigon a Ƙagaggen Labari

Littafin Lyrics Alley na Leila Aboulela, wanda ya fito a 2010, ya zana wannan yanayi a shekarun 1950, gab da samun mulkin kai a 1956. Attajiri Mahmoud Abuzeid yana da mata biyu a gidansa na Umdurman: uwargida Waheeba mai riƙe da al'adar gargajiya, da amarya Nabilah, Bamisriya mai ƙaunar rayuwar zamani. Kowacce tana ganin ita ce mai daraja, ɗaya da asali, ɗaya da wayewa. A gefe guda akwai Ustaz Badr, malami mai ilmi amma talaka, wanda burinsa bai wuce ya sami ɗakin haya mai kyau ba. Da ɗan gidan, Nur, ya shanye sakamakon hatsari, dukiyar mahaifinsa ba ta dawo masa da lafiya ko auren da aka shirya masa ba. Waƙa ce ta ba shi suna.

6.0 Kammalawa

Tarihin biranen nan ya nuna cewa dukiya da boko da asali ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa a koyaushe, kuma inda suka saɓa, asali ne ya fi yin rinjaye. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kori masu manyan gidaje da talakawa daga Hartum baki ɗaya, amma masu hali ne suka fi samun damar kaiwa Alƙahira. Ya kamata ɗalibi mai nazarin jigo, ko a adabin Sudan ko a na Hausa, ya riƙa tambayar wace hanya ce ta ba tauraro daraja, kuma su wa ke da ikon amincewa da ita.