Tarihin Saiwar Irisa a Sana'ar Turare

Daga cikin kayan da masu sana'ar haɗa turare suke saye da tsada ƙwarai, alhali galibin masu shafa turaren ba su taɓa jin labarinsu ba, akwai wata saiwa wadda tabiban Larabawa suka sani da sunan irisa, Turawan Ingila kuwa suke ce mata oris. Saiwa ce ta wani tsiro mai dogayen ganyaye da fure shuɗi ko fari, tana kwance gaɓa-gaɓa a ƙarƙashin ƙasa kamar citta. Idan aka tono ta ɗanya, hanci ba ya samun kome gare ta sai warin ƙasa. Sai an fere ta, an shanya, an ajiye ta shekara uku ko fiye, sa'an nan wani ƙamshi mai sanyi, irin na furen banafsaji, yake bayyana a cikinta. A kan wannan jira ne tarihinta duka ya ginu.

Hukama'un Yunan sun san ta tun da daɗewa. Tiyofarastus, almajirin Aristo, ya ambace ta a rubuce-rubucensa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya fifita wadda take fitowa daga ƙasar Iliriya, wato yankin da yake gabas da tekun Adiriyatik, inda Albaniya da Kuroshiya suke a yau. A ƙarni na 1 na Miladiyya kuma, sa'ad da tabibi Diyoskoridis ya wallafa babban littafinsa na magunguna, wanda tabibai suka dogara da shi har wajen shekara 1,500, da wannan tsiro ya buɗe shi. Ya bayyana cewa ana yanka saiwar a busar da ita a inuwa, a shirya ta a zare a rataye, ya kuma lura da abin da, a ganina, ya fi kome muhimmanci: idan ta tsufa har ƙwari suka fara huda ta, a sa'an nan ƙamshinta yake ƙaruwa.

A ƙarni na 9, zamanin Halifa Mutawakkil, aka tarjama littafin nan zuwa Larabci a Bagadaza ta hannun Isɗifanu ɗan Basil, Hunainu ɗan Ishaƙa ya duba ya gyara, daga nan irisa ta shiga littattafan ɗibbu na Musulmi, har Ibn Sina ya kawo ta a cikin littafinsa Alƙanun. Akwai ma wani farin nau'in tsiron, wanda asalinsa daga Jazirar Larabawa ne, da ya bazu a ƙasashen Bahar Rum domin Musulmi sun saba dasa shi a maƙabartu.

Amma ƙasar da ta mayar da ita sana'a ita ce Tuskani ta Italiya. Birninta Fulorens ya ɗauki furen a matsayin tambarinsa, fari a kan ja, har zuwa 1251 da aka juya launukan saboda rikicin sarauta. A ƙarni na 19 kuma nomansa ya bunƙasa a tsaunukan Kiyanti, musamman wajen ƙauyen San Polo, inda ake dasa shi a gefen gonakin zaitun da inabi, a ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa. Tsiron yakan yi shekara biyu zuwa uku a ƙasa. Idan zafi ya tsananta, wajen Yuli da Agusta, sai a tono shi da fartanya, a ware 'ya'yan da za a sake dasawa, iyali su zauna kowa da 'yar wuƙa mai lanƙwasa suna fere saiwar ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a baza a rana har ta yi fari fat, ta yi tauri, sa'an nan a ɗura a buhu a kai rumbu. Manomin da ya dasa bana, ke nan, sai bayan shekara biyar ko shida hajarsa za ta kai ga tukunyar mai turare.

An daɗe ana amfani da garin saiwar. Attajiran Turai sun barbaɗa shi a gashin kanti da suke ɗorawa a ka, sun zuba shi a hodar fuska da garin goge haƙori, sun ajiye shi a akwatunan tufafi. Masu sabulu kuma suka riƙe shi saboda wata siffa da ba kowane ƙamshi yake da ita ba, wato yana kama sauran ƙamshin da aka haɗa shi da su, ya hana su saurin tashi. Daga baya likitoci suka tabbatar garin yana sa wa waɗansu mutane atishawa da ƙaiƙayi, aka rage shi a kayan kwalliya.

A 1893 wasu masana kimiyya biyu na Jamus, Tiemann da Krüger, suka ware sinadarin da yake ba saiwar ƙamshinta, suka kira shi airon; garin ƙoƙarin ƙera irinsa kuwa suka samar da wani dabam, ayonon, mai ƙamshin banafsaji, wanda ake iya yi da araha. Tun daga nan sabulun kasuwa da turaren talaka suka koma ga na ɗakin gwaji. Sai a 1947 aka tantance ainihin ginin airon, daga baya kuma aka gane sababin abin da Diyoskoridis ya lura da shi: ɗanyar saiwa ba ta ɗauke da shi, iska ce take sauya waɗansu sinadaranta a hankali, a tsawon shekarun ajiya, har su zama shi.

Saiwar gaskiya ta saura ga turare mai daraja. Ana niƙa ta a tace ta da tururi, tan guda ya ba da kimanin kilo 2 na wani daskararren mai, wanda idan aka ƙara tace shi kilo ɗaya yakan kai dubban dala masu yawa. Da shi aka gina turarukan Iris Gris na Jacques Fath da Chanel No. 19. A yau Maroko da ƙasar Sin suna noma mai yawa, gonakin Tuskani kuwa sun ragu saboda wahalar fira da hannu, har kamfanin Chanel ya dasa nasa a kusa da garin Garas na Faransa domin kada ya rasa irin da yake so.